Daga Gidan Nabame Zuwa Tashar Ƙaura: Darasin Argungu Wajen Raya Tsofaffin Tashoshin Jirgin Ƙasa

Tsakure

Jirgin ƙasa bai taɓa shiga ƙasar Kabi ba. Layin da Turawan mulkin mallaka suka ja daga Zariya ya tsaya a Ƙauran Namoda a 1929, amma tashoshinsa, musamman ta Gusau, su ne ƙofar da tsohon Lardin Sakkwato, har da Argungu da Gwandu, ya daɗe yana shige da fice ta cikinta. Yau waɗannan gine-gine sun rasa aikin da aka gina su dominsa, sababbin layukan da ake shimfiɗawa kuwa da nasu tashoshin suke zuwa. Wannan takarda ta bi tarihin layin, ta duba abin da ya cancanci adanawa a tsohuwar tasha, sannan ta auna shi da abin da ya faru a Argungu, inda fadar da aka tashi daga cikinta a 1942 ta koma gidan tarihi a 1958. Matsayin takardar shi ne tsohon gini yana rayuwa ne in yana da mai shi da za a iya nunawa, da aikin da ake yi a cikinsa kullum, da gyara a kai a kai.

1.0 Gabatarwa



Wani zai yi mamakin a tashi a Birnin Kebbi ana maganar tashar jirgin ƙasa, alhali duk faɗin jihar nan babu tasha ko ɗaya, babu kuma dogo ko na taku guda. Dalilaina biyu ne. Na farko, tashar Gusau tamu ce kamar yadda take ta Zamfarawa. Kafin a ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991 da ta Zamfara a 1996, lardi ɗaya muke, kuma amfanin gonar wannan kwari da ya nufi teku ta jirgi, can ya bi. Na biyu, a Argungu akwai misalin tsohon gini da ya rasa aikinsa na asali, aka ba shi wani, ya kuma rayu har yau. A duk lokacin da aka taso da zancen raya tsofaffin tashoshi, birnin Faris ake fara ambata. Ni ina ganin amsar da ta fi dacewa da halinmu tana nan kusa, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba daga inda muke zaune.

2.0 Layin da Ya Tsaya a Ƙaura

An fara shimfiɗa dogo daga Legas a 1896, ya isa Ibadan a 1901. A Arewa, Gwamna Percy Girouard, wanda shi kansa injiniyan jirgin ƙasa ne, ya sa aka fara layin Baro zuwa Kano a 1907, ya kuma isa Kano a 1911. A 1912 aka haɗe layukan biyu ƙarƙashin hukuma ɗaya. Abin da Turawa suka sa rai a kai shi ne auduga, domin masaƙun Ingila. Manoman Kano da fatakenta suka zaɓi gyaɗa. Kamar yadda Jan Hogendorn ya nuna a littafinsa na 1978 kan cinikin gyaɗar Nijeriya, abin da aka fitar ya tashi daga tan dubu biyu da 'yan kai a 1912 zuwa fiye da tan 19,000 a 1913. Daga wannan ciniki ne irin su Alhassan Ɗantata suka bunƙasa, daga nan kuma dalar gyaɗa ta samo asali.

Reshen da ya shafe mu ya zo ne daga baya. Ya tashi daga Zariya, ya bi ta Funtuwa da Tsafe da Gusau, ya kai Ƙauran Namoda a 1929, tsawon fiye da kilomita 200. A shekarar ce tattalin arzikin duniya ya durƙushe, farashin gyaɗa da auduga da fata ya faɗi warwas. Layin Kano zuwa Nguru ya samu ya kammala a 1930, daga nan ba a sake wani babban aikin dogo a ƙasar nan ba sai 1958, lokacin da aka fara layin Barno wanda ya isa Maiduguri a 1964. An sha yin maganar a ja layin Ƙaura zuwa Sakkwato, har zuwa Illela a bakin iyaka. Yau shekara casa'in da 'yan kai ke nan, Ƙaura ce dai ƙarshen layi.

In aka duba taswira za a ga kwarin Rima ya zauna ne tsakanin ƙarshen layi biyu. Ta gabas ga Ƙaura da Gusau. Ta kudu maso yamma ga Faraku a ƙasar Benin, inda layin da Faransawa suka ja daga Kwatano ya tsaya a 1936, shi ma bai kai bakin Kwara ba. Ko layin da kamfanin Bolloré ya shimfiɗa daga Yamai zuwa Doso tsakanin 2014 da 2016, maƙwabtanmu ta wajen Kamba, bai taɓa ɗaukar fasinja ko kaya na yau da kullum ba.

Wannan rashi ya sauya akalar kasuwancinmu. Kafin zuwan Turawa, fataken goro masu zuwa Gwanja ta Jega da Illo suke bi, gishirin Foga ta nan yake shigowa, Gulbin Kabi da Kwara kuma hanyoyi ne na jiragen ruwa. Da dogo ya zo, sai goro ya koma hawowa daga ƙasar Yarabawa cikin tarago. Kamfanonin Turawa suka kafa kantuna da sito a bakin layi, aka kafa injin gurzar auduga a Funtuwa da Gusau, Sabon Gari ya tsiro a gefen tasha. Gusau da ba ta kai Jega suna a kasuwanci ba a ƙarni na 19, sai ga ta ta zama cibiyar cinikin lardi. Daga Birnin Kebbi zuwa Gusau ya haura kilomita 300, ta Argungu da Sakkwato da Talatar Mafara. Wannan tazara jakuna da raƙuma ne suka fara cike ta, daga baya manyan motoci suka karɓa. Mai gyaɗa da mai fata da mai kiraga, ɗalibin da zai tafi makaranta Zariya ko Kaduna, ɗan cin rani mai nufin Kurmi, wanda duk yake son jirgi daga wannan yanki sai ya fara kai kansa Gusau.

Labarin lalacewar reluwe sananne ne, ba sai na tsawaita ba. An kafa Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya a 1955. A 1964 ta ɗauki fasinja fiye da miliyan 11 da kaya kusan tan miliyan 3. Daga nan sai koma baya: kwalta ta yawaita, gyaɗa ta ja baya bayan farin shekarun 1970, man fetur ya ɗauke hankalin gwamnati. An kawo ƙwararru daga Indiya a 1979, an ba kamfanin ƙasar Sin kwangilar gyara a 1995, amma jirgi ya daɗe da daina zama abin dogaro a reshen Ƙaura.

Abin da ya sa maganar ta zama ta gaggawa shi ne sabon dogo. Tsohon layin ƙarami ne, faɗinsa milimita 1,067, sabon kuwa 1,435, don haka jirgin wannan ba ya hawa wancan. Layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 a Rigasa ya yada zango, bai shiga tsohuwar mahaɗar Kaduna ba. Na Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar a 2021 shi ma da sababbin tashoshinsa zai zo. Ma'ana, ko jirgin ƙasa ya farfaɗo a Arewa, babu tabbacin zai koma tsofaffin gidajensa. Wanda yake jiran dawowar jirgi ta ceci waɗannan gine-gine zai daɗe yana jira.

3.0 Me Ake Gada a Tsohuwar Tasha?

Tasha ba ɗaki ɗaya ba ce. Akwai babban gini mai ofishin shugaban tasha da tagar sayar da tikiti da wurin jira. Akwai dandamalin hawa jirgi, da rumfar kaya, da sikeli, da tankin ruwa na zamanin jirgi mai gawayi, da sigina. A manyan wurare akwai loko inda ake duba kan jirgi, sannan ga kwatas na ma'aikata, manya daban ƙanana daban. Tsarin wurin kansa shaida ne. Wanda ya iya karanta shi zai ga inda Bature ya zauna da inda ɗan ƙasa ya zauna, ya ga wane kaya aka fi damuwa da shi, ya kuma gane dalilin da ya sa gari ya juya baya ga tsohuwar kasuwarsa ya fuskanci layi. Binciken Shehu Tijjani Yusuf kan garuruwan da ke bakin dogo tsakanin Kano da Zariya ya nuna cewa ko ƙaramar tasha irin ta Madobi ta ishi sauya rayuwar karkara. Saboda haka in aka gyara babban gini aka bar rumfar kaya da tanki suka tafi, an adana fuska ne an zubar da labarin.

Akwai ƙorafin da ya kamata a saurara da kunnen basira. Wasu na cewa wannan gadon mulkin mallaka ne, an yi shi don kwashe arzikinmu, don me za mu kashe kuɗi a kansa? Rabin farko na maganar gaskiya ne. Layukan duk teku suka nufa, ba a ja su don a sada Sakkwato da Katsina ko Kabi da Yawuri ba. Kuma an yi aikin ne da ƙwadagon tilas. Michael Mason ya yi rubutu a kan yadda aka riƙa ɗibar talakawa ta hannun sarakuna da hakimai tsakanin 1907 da 1912, har mutane na gudu daga garuruwansu don tsoron aikin diga. Abin ya yi tasirin da har Sarkin Zazzau Aliyu Ɗansidi ya yi masa waƙa, wadda aka sani da Waƙar Diga. Amma wannan hujja ce ta adanawa. Hannun da ya haƙa ƙasa ya ɗauki dutse a ka na kakanninmu ne, kuma babu wani wuri da aka rubuta sunayensu. Waɗannan gine-gine da gadoji su ne abin da ya rage na guminsu. Haka nan a cikin ma'aikatan reluwe ne jagoran 'yan ƙwadago Michael Imoudu ya fito, su ne kuma ƙashin bayan yajin aikin gama-gari na 1945 wanda ya haura mako shida yana girgiza gwamnatin mulkin mallaka. In an rushe tasha, ba Bature aka hukunta ba, shi ya riga ya tafi da takardunsa.

Tun farkon aikin adana kayan tarihi a ƙasar nan an fahimci haka. A 1956, cikin wuraren farko da aka ayyana a matsayin kayan tarihi na ƙasa akwai Gidan Madaki na Kafin Madaki a ƙasar Bauci, ginin ƙasa na magini Babban Gwani, akwai kuma gadar ƙarfe ta Gwamna Lugga da aka ciro daga Zungeru aka kafa a Kaduna. Ba a ce ɗaya namu ne ɗaya nasu ba.

4.0 Gidan Nabame

Bayan da mayaƙan jihadi ƙarƙashin Abdullahi ɗan Fodiyo suka ci Birnin Kebbi a 1805, gidan sarautar Kabi ya yi ta faɗi tashi har ya zauna a Argungu. Yakubu Nabame, wanda ya daɗe a tsare a hannun Sakkwato, shi ya sake ɗaga tutar Kabawa a 1849, kuma da sunansa ake kiran tsohuwar fadar. Sarakunan Kabi sun zauna a cikinta har 1942, lokacin da aka koma sabuwar fada. A ranar 1 ga Yuli 1958 aka buɗe ta a matsayin gidan tarihi, aka sa mata sunan Muhammadu Kanta, wanda ya kafa daular a ƙarni na 16. An kasa gidan sashe goma sha ɗaya, ana nuna masu da takubba da baka da kibau da bindigogin gargajiya da tambura da kayan su, a cikinsa kuma akwai makwancin sarakuna.

Abin lura a nan shi ne shekaru goma sha shida da ke tsakanin 1942 da 1958. Duk wanda ya san ginin ƙasa ya san abin da damina goma sha shida za ta yi wa soron da aka watsar. Indararo ya toshe, ruwa ya kwanta a kan rufi, gara ta samu hanya, gindin bango ya zaizaye, sai a wayi gari ɗaki ya zauna. Garuruwa nawa ne a ƙasar Hausa aka tashi daga tsohuwar fada, yau ba a iya nuna ko harsashinta? Gidan Nabame ya tsallake wannan siraɗi, kuma a fahimtata abu uku ne suka tsallakar da shi.

Yana da mai shi. Ba a taɓa rasa sanin wanda zai ji kunya in gidan ya faɗi ba: Sarkin Kabi ne da majalisarsa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Dokar da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi da Kayan Tarihi ta Ƙasa a 1979 ta ba da ikon ayyana wuri a hana taɓa shi, amma takardar ayyanawa ba ta toshe yoyo. Surame, birnin da Kanta ya gina da dutse, an ayyana shi tun 1964, an kuma sa shi cikin jerin wuraren da Nijeriya ke neman UNESCO ta amince da su a 2007. Duk da haka kango ne a daji, domin babu mai kwana da tashi a cikinsa. Gidan Nabame kuwa a tsakiyar gari yake, kusa da masu shi.

Sannan bai rasa dalilin da zai sa a shiga cikinsa ba. Kasancewar kaburburan sarakuna a ciki ya sa gidan bai taɓa zama tsohon kaya ba, wuri ne na ziyara da addu'a da girmamawa. Zamansa gidan tarihi ya ƙara masa 'yan makaranta da manazarta da baƙi. Bikin kamun kifi, wanda ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, UNESCO kuma ta sa shi cikin al'adun duniya a 2016, yana kawo jama'a daga nesa. Amma kada a ɗauka bikin ne ke riƙe da gidan. An yi kusan shekara goma ba a yi bikin ba kafin ya dawo a 2020, gidan kuma yana nan. Duk ginin da ya dogara da baƙin sati ɗaya a shekara yana cikin haɗari.

Na uku shi ne al'adar gyara. Maginin gargajiya bai san gini da aka gama ba. Kafin damina a duba rufi, a share indararo, a yi yaɓe, a sa makuba inda ake bukata, kuma akwai Sarkin Magina da yaransa da suka gaji sanin yadda ake yi. Kuɗin da ake kashewa kaɗan ne, amma duk shekara ne. Tsarinmu na gwamnati akasin haka yake tafiya: a bar gini shekara talatin babu mai maye kwano ɗaya, sannan a ba da babbar kwangilar gyara, a kankare duk abin da ya sa ginin ya zama na tarihi, a shafe shi da siminti da tayil. Ina ganin wannan irin gyara ya fi sakaci ɓarna, domin abin da sakaci zai ci a shekara ashirin shi yakan cinye a wata uku.

Dole in faɗi inda kwatancen ya gaza. Tasha ba ta da kabarin kowa, ba ta da zuriyar da za ta ce gidan ubanta ne. Mallakar hukumar tarayya ce mai hedikwata a Legas, kadarorinta kuma suna hannun wani kamfani nata mai kula da filaye da gidaje. Mutumin Ƙaura yana wucewa ta gabanta kullum, amma ba shi da ikon buga mata ƙusa, wanda ke da ikon kuma yana nesa. A wannan tazara ce mai sayen tsohon ƙarfe yake samun shiga, shi da mai neman filin shago. Don haka aikin da ke gabanmu shi ne a samar wa tasha, ta hanyar yarjejeniya, abin da Gidan Nabame ya samu ta hanyar gado.

5.0 Abin da Aka Yi a Wasu Wurare

Tashar Orsay ta birnin Faris, wadda aka buɗe a 1900, ta koma gidan zane-zane a 1986. Misali ne mai kyau, amma yana tsaye ne a kan miliyoyin masu yawon buɗe ido da baitulmalin Faransa. Wanda ya fi kusa da zukatanmu shi ne na Madina. Layin Hijaz da Sarkin Daular Usmaniyya Abdulhamid na Biyu ya fara daga Dimashƙa a 1900 ya isa Madina a 1908, bai daɗe yana aiki ba yaƙin duniya na farko ya kassara shi. Tasharsa ta unguwar Anbariyya ta yi shekaru a rufe, daga baya aka gyara ta ta zama gidan tarihi, da tsofaffin taragu da kan jirgi a harabarta, kuma alhazanmu da yawa sun gan ta. A Dakar kuwa ba a sauya wa tsohuwar tasha aiki ba, gyara ta aka yi ta karɓi sabon jirgin da ya fara aiki a 2021.

A gida, akwai Gidan Jaekel a harabar reluwe ta Ebute Metta a Legas, ginin 1898. Wata ƙungiyar sa kai mai suna Legacy 1995 ce ta gyara shi a 2010 tare da haɗin kan hukumar jiragen ƙasa, ya zama ƙaramin gidan tarihi. Muhimmancinsa a gare mu shi ne ya tabbatar da cewa hukumar tana iya riƙe mallaka ta bar wa wasu kulawa. Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa a Kano, da tsohuwar Kwalejin Katsina ta 1922, da Gidan Arewa a Kaduna, duk sun nuna cewa ba baƙon abu ba ne a wurinmu a ba tsohon gini sabon aiki.

6.0 Yadda Za a Ɓullo wa Tashoshin Reshen Ƙaura

Ba na goyon bayan a mayar da kowace tasha gidan tarihi. Yarjejeniyar Venice ta 1964 ma ta yarda cewa abin da ya fi taimaka wa tsohon gini shi ne a yi amfani da shi wajen abin da zai amfani jama'a, muddin ba a ɓata tsarinsa ba. Ɗakin da aka jera hotuna aka kulle, mai gadi na jiran baƙon da ba ya zuwa, shi ma kango ne mai fenti. Ga halin tsaro da ƙasar Zamfara ke ciki, wanda ya sa ba za a gina lissafi a kan baƙi daga nesa ba. Aikin da za a ba tasha ya zama na mutanen garin ne, wanda za su zo dominsa ko da babu baƙo.

Rumfar kaya an gina ta ne don ajiyar amfanin gona, kuma har gobe manoma da 'yan kasuwar hatsi na neman wurin ajiya mai tsaro. A gyara rufinta a ba su haya. A Ƙauran Namoda akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya. Ɗakunan tasha da kwatas za su iya zama wurin koyon kafinta da walda da gini, ɗalibai su koyi sana'ar a jikin ginin da suke gyarawa. Babban ginin ne kaɗai za a ware wa ɗaki ɗaya ko biyu na tarihi, a Funtuwa a ba da labarin auduga, a Gusau na gyaɗa da Sabon Gari, a Ƙaura na ƙarshen layi. Sharaɗin kowane sauyi shi ne ya zama wanda za a iya cirewa ba tare da an fasa bango ba, a bar fuskar gini yadda take, a bar dogon da ke gaban dandamali, kada kuma a jera shaguna su tare ta.

Game da mai shi, shawarata ita ce hukumar jiragen ƙasa ta riƙe mallaka, ta ba da hayar dogon lokaci ga kwamitin amintattu na kowane gari, wanda ya ƙunshi masarauta da ƙaramar hukuma da ƙungiyar 'yan kasuwa da tsofaffin ma'aikatan reluwe. Na sa masarauta gaba ne da gangan. Shugaban ƙaramar hukuma na zuwa ya tafi, sarki kuwa yana nan, kuma shi ne jama'a za su iya yi wa magana in sun ga rufi ya yaye. A rubuta cikin yarjejeniya cewa wani kaso na kuɗin haya ba ya zuwa ko'ina sai gyaran shekara, a yi shi kafin saukar ruwan farko, kamar yadda magina ke yi. Gyaran tsarin mulkin da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris 2023 ya ba jihohi damar shiga harkar jirgin ƙasa. Bai miƙa musu kadarorin hukumar ba, amma ya buɗe ƙofar tattaunawa da a da take rufe.

Mu a Kebbi muna da namu kason. Tarihin hanyar Gusau, wato ayarin jakuna da raƙuma, da direbobin manyan motoci na farko, da 'yan baranda masu sayen gyaɗa, da sikelinsu da rasiɗansu, bai kamata a bar wa Zamfara ita kaɗai ba. Ya cancanci sashe a Gidan Tarihi na Kanta ko a nan Birnin Kebbi. In kuma wata rana dogo ya iso wannan kwari, tun ran gini tun ran zane: a ajiye zanen tashar da hotunan aikinta da sunayen ma'aikatanta tun ranar farko.

Akwai aiki biyu da ba sa bukatar jiran kwangila ko izinin Abuja mai tsawo. Na farko, sassan koyar da zanen gini da tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da manyan makarantunmu na Birnin Kebbi da Gusau su raba tashoshin a tsakaninsu, ɗalibai su auna kowane gini, su zana shi, su ɗauki hotonsa, su rubuta halin da rufi da bango da ƙofofi ke ciki, a haɗa da abin da ke cikin fayilolin Lardin Sakkwato a Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna. Ko gini ya faɗi bayan haka, an san yadda yake. Na biyu ya fi gaggawa. Wanda ya kama aikin reluwe yana ɗan shekara ashirin a 1964, lokacin da jirgi ke ganiyarsa, yanzu ya haura tamanin. Direbobi da masu tikiti da masu juya layi da leburorin dogo, da 'yan dako da matan da suka yi tallar abinci a bakin tarago, su ne suka san abin da ake yi a kowane ɗaki. Ina roƙon wannan taro ya fitar da kwamitin da zai fara naɗar muryoyinsu a Gusau da Ƙaura da Funtuwa cikin wannan shekarar karatu, tare da tsofaffin direbobin Argungu da Jega da Birnin Kebbi da suka yi jigila zuwa bakin layi.